Bindigar da Kowa Ya San Ba Ta Tashi

Ƙarfe uku da kwata na ranar Juma'a waya ta shigo ofishin 'yan sanda na Panyu, wata unguwa a birnin Guangzhou na China. Wata mata ce ke kuka, tana haɗa Turanci da Sinanci da wani yare da mai karɓar waya bai taɓa ji ba. Abu ɗaya ya fahimta: akwai gawa a hawa na goma sha tara.

Shi ya sa aka nemo Sufeto Lin.

A rundunarsu shi kaɗai ke jin Hausa. Kafin ya shiga aikin ɗan sanda ya yi shekara biyar a Kano yana yi wa wani kamfanin gina hanya tafinta. Ya dawo da Hausa a bakinsa, amma ba shi da wanda zai yi ta da shi sai wanda ake tuhuma, ko wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Matarsa ta koma garinsu da ɗansu tun bara. Lokacin da aka kira shi yana cin taliya a cikin mota, ruwan sama na dukan gilashi.

Gidan ciki ɗaya ne da falo. Kwalayen fitilu masu aiki da hasken rana sun cinye rabin falon. Gawar na kwance kusa da kujera, cikin farar shadda, ƙamshin turare bai gama barin jikinta ba. Akwai ɗan rami tsakanin ido da kunne na hagu. Babu warin albarushi. Ba a fasa ƙofa ba. A kan tebur kofunan shayi biyu ne.

Fasfo ya ce Babayo Hammadu, shekara hamsin da takwas, daga Gombe.

Matar da ta kira na zaune a kan matakala, ta rungume kular abinci.

"Sannu, Hajiya. Ke kika kira?"

Ta ɗago, ta leƙa bayansa don ta ga wanda ya yi maganar.

"Ni ne dai," in ji Lin. "Sunanki?"

"Awawu. Masta, Hausa kake ji?"

"Kaɗan-kaɗan. Daga ina?"

"Kumasi, Zango. Abinci nake saidawa a unguwar Xiaobei. Duk Juma'a in an sauko masallaci ina kawo wa Alhaji tuwo da miyar kuka. Na buga, na buga, na murɗa, ƙofa ta buɗe."

"Wa ya sha shayi da shi?"

"Ban sani ba."

"Yana da bindiga?"

"Bindiga? A China? Meyo, Masta. Babu." Ta faɗa da sauri, ta haɗa "babu" ta Sinanci da ta Hausa, idonta a kan kular.

Lin bai matsa ba. Ya juya zai tafi ta kira shi.

"Don Allah ku rufe masa kai. Shekara shida ban taɓa ganin kan Alhaji ba hula ba. Ko zazzaɓi yake, da hularsa."

"Wace yake sawa ran Juma'a?"

"Zanna mai ruwan ƙasa da ɗigon ja."

Lin ya koma ciki. Ya duba ƙarƙashin kujera, bayan kwalaye, banɗaki. A akwati ya ga huluna huɗu cikin ledarsu, ba mai ruwan ƙasa. Mutum ya yi wanka, ya sa shadda, ya fesa turare, ya shirya wa masallaci tsaf, amma hularsa ba ta cikin gidan.

Wayar mamacin ta fara ruri cikin ledar shaida. An rubuta Radiyya. Sau uku ta katse ta sake shigowa. Lin ya duba abokan aikinsa. Ba wanda zai iya sai shi.

"Baffa, ka sauko?" in ji muryar wata budurwa.

"Salamu alaikum. Sunana Sufeto Lin, ni ɗan sanda ne a Guangzhou. Ke 'yarsa ce?"

Ya gaya mata a hankali, yadda ya ji ana yi a Kano. Ta yi salati ta daɗe tana yi. Da ta samu murya sai ta ce, "Yallaɓai, yaushe za a kai shi? Kada ya kwana."

"Zai kwana, Radiyya. Ki yi haƙuri. Doka ba ta bar ni in saki gawa ba sai na san wanda ya yi wannan."

"Shi kaɗai zai kwana?"



Washegari likita ya ciro abin da ya kashe Babayo. Ƙwallon ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. A aljihun gado kuma an samu kwalin wasu 'yan kwalaben ƙarfe masu girman babban yatsa. Lin ya kai su wurin Zhou, jami'ar da ke duba makamai.

"Iskar gas ce a matse a ciki," in ji ta. "Bindiga ce da ke tura ƙwallo da iska. Haramun ce a nan, amma wasu ƙananan masana'antu na yi a ɓoye."

"Tana kisa?"

"Da wuya. Sai an yi kusa sosai, kuma an samu wuri mai laushi kamar nan." Ta taɓa gefen kanta. "Wanda ya saye ta don kare kansa ya sayi wahala. In ka ɗura kwalba ka ajiye, iskar na iya zurarewa cikin 'yan kwanaki, ranar da ka buƙace ta ba komai. In ba ka ɗura ba, kafin ka gama murɗawa ɓarawo ya gama da kai. In kuma ɓarawon na da ta gaske, ganin taka zai sa ya riga ka."

Ta ɗauko wata 'yar leda. Zobunan roba ne ƙanana, an buɗe an cire ɗaya.

"Wannan shi ke hana iska zurarewa. Takardar da ke jikin ledar ta ce ranar Alhamis aka kawo. Mutumin naku ya gyara bindigarsa kwana ɗaya kafin ta kashe shi."

Bindigar kanta ba a gan ta ba.

Kyamarar ginin da Babayo ke zaune a ƙofar ƙasa kawai take. Abokan aikin Lin sun riga sun rubuta rahoto: baƙar fata biyu. Ɗaya ya shiga ƙarfe sha ɗaya da minti goma, kai ba hula, da takunkumi a fuska, da lema. Wani daban ya fita sha biyu saura kwata, da hula, da takunkumi, yana sauri cikin ruwa. Ginin na da 'yan Afirka sun fi arba'in, kuma rabin garin na sa takunkumi.

Lin ya tsayar da hoton na biyu. Ya daɗe yana kallon hular.

Ranar Lahadi ya hau jirgin ƙasa zuwa titin Huanshi Lu, ofishin Alhaji Ghali, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Arewa. Mutum wajen talatin ne zaune a kan kafet, ana zaman makokin wanda ba a binne ba. Da ya yi sallama aka amsa, daga nan kowa ya zuba masa ido.

"Yallaɓai, ka zo a daidai," in ji Alhaji Ghali. "Kwana biyu ke nan bawan Allah na cikin firji kamar kifi. Mun samu wuri a maƙabartar Musulmi, mun sayi likkafani, mai wanka na zaune. Kai ka zauna a Kano, ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu."

"Na sani, Alhaji. Takardar sakin gawa na kan teburina. Hannuna kawai take jira."

"To me ya hana?"

"Ku. Alhaji Babayo na da bindiga?"

"Mu 'yan kasuwa ne. Ina mu ina bindiga?"

Lin ya ciro 'yar kwalbar gas ɗaya daga aljihu ya ajiye a kan teburin. Ta gangara ta tsaya a jikin faranti. Daga bayan ɗaki dariya ta kuɓuce wa wani, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"Ban zo duba bizar kowa ba," in ji Lin. "Ko fasfo ɗaya ba zan buɗe ba. Amma in kuka ci gaba da meyo-meyo, zai yi wata a firjin nan."

Alhaji Ghali ya cire tabarau ya goge.

"Allah ya ji ƙan Babayo. Wannan ai ba bindiga ba ce, abin dariya ce. Shekara uku da suka wuce 'yan fashi suka tare shi a hanya can gida, suka kwantar da shi a kwalta, suka harbe direbansa a gabansa. Tun daga nan tsoro ya shige shi. Ya dawo nan inda ko allura ba a ƙwace maka, amma tsoron ya biyo shi. Wani lawban, wato maigida Basine, mai masana'antar kayan wasa ya sayar masa da ita. Wai in ya koma gida da ita zai riƙa tafiya."

"Ta taɓa tashi?"

"Ina fa! Ran Babbar Sallah ya tara mu zai nuna mana. Ya jera gwangwani, ya gyara tsayuwa kamar soja, ya danna. Sai ji muka yi fuuus. Ƙwallon ya faɗo a kan ƙafarsa. Tun ranar ake ce mata bindigar tusa."

Wannan karon mutane da yawa suka yi murmushi, wasu na share ido.

"Wa ya raɗa mata sunan?"

Alhaji Ghali ya mayar da tabarau ya kau da kai.

Lin ya tuna direbansu na Kano, wani Babarbare, wanda ba ya wuce Bafulatani a tasha bai ƙwace masa sanda ba, shi kuma Bafulatanin na dariya yana zaginsa. Farkon ganinsa ya ɗauka faɗa ne, har ya nemi kiran 'yan sanda.

"Alhaji, marigayin Bafulatani ne. A garin nan wa ke wasa da shi? Wa zai cire masa hula bai yi fushi ba?"

Ba wanda ya dubi wani.

"Tankari," in ji Alhaji Ghali daga ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba'are ne, mutumin Dogon Dutsi a Nijar. Arawa da Fulani ka san abokan wasa ne. Amma Yallaɓai, Babayo ba shi da kowa a China sai Tankari. Shi ke zuwa har Panyu ya ɗauko shi su tafi masallaci. Lokacin da aka yi masa aikin ido, Tankari ne ya kwana tara a asibiti."

"Yana nan?"

"Ya kasa zaman. Tun Juma'a yana sitonsa a unguwar Liwan. An ce ko abinci ba ya ci."

A jirgin komawa wayar Lin ta yi ƙara. Radiyya ce, ya ba ta lambarsa tun ranar farko. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi aiki, sannan ta yi tambayarta. Ya ce tukuna. Ta ce ta gode. Mutanen da ke kusa da shi suka bi shi da kallo, Basine na magana da wani irin yare, sannan kowa ya koma kan wayarsa.

Litinin da safe ya isa Liwan da 'yan sanda biyu, ya bar su a bakin layi. Siton dogo ne, cike da kwalayen butoci da tukwanen dafa shinkafa. 'Yan dako na loda kwantena. Wani dogon mutum mai tsagar Arawa a kumatu na zaune a kan kwali yana kallonsu, amma da gani ba ganinsu yake ba. Kansa ba hula.

"Malam Tankari? Ina yi maka ta'aziyya."

Ya amsa da "mushe", wato "yallaɓai" ta Faransancin mutanen Nijar: "Mun gode, Mushe Kwamishan. Haka Allah ya so."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Talata."

"An ce kai ke ɗauko shi ran Juma'a."

"Wanga sati ban tafi ba. Ina da kaya a tashar jirgin ruwa."

"Wace tasha? Zan kira su."

Tankari ya ce, "A'a, nan kasuwa nike. Kaina ya ruɗe, ka yi haƙuri."

"A ina ka yi sallar Juma'a?"

"Masallaci."

"Kusa da wa?"

"Mutane da yawa, wa zai lura?"

Lin ya jawo kwali ya zauna kusa da shi. Ya kalli kansa.

"Kai ba ka sa hula ne?"

"Ni? Hula ai ta Fulani ce, masu ɓoye sanƙo. Na sha gaya wa wancan bawan nawa, ran da iska ta..." Ya sunkuyar da kai. 

Lin ya ciro hotuna biyu ya ajiye a kan gwiwar Tankari.

"Abokan aikina sun ce mutum biyu ne. Wannan ya shiga ba hula, wannan ya fita da hula. Su ba su san akwai wanda zai cire wa dattijo hula a cikin gidansa, ya kafa a kansa, dattijon na dariya ba. Ni na sani."

"Fuska a rufe take. Kowa na iya zama."

"Gaskiya ne. Zan iya bin kyamarorin jirgin ƙasa tasha-tasha har in ga inda ya sauka. Zai ɗauke ni mako biyu, wataƙila uku. Ina da lokaci." Lin ya mayar da hotunan aljihu. "Shi ma yana da lokaci. Aljihu na goma sha huɗu yake, a ɗakin sanyi. Na je jiya. An rubuta lamba a yatsan ƙafarsa, don ma'aikatan sun kasa karanta sunan."

Tankari ya runtse ido.

"Radiyya ta kira ni sau goma sha ɗaya," in ji Lin. "Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni wanda ya kashe ubanta ba. Cewa take, an sa shi a ƙasa?"

'Yan dako suka wuce da kwali suna ihun a ba su hanya. Da suka yi nisa Tankari ya miƙe kamar tsoho. Ya je can ƙurya, ya jawo kwalin tukunyar shinkafa, ya buɗe murfin. Ya ɗauko abu naɗe da tawul ya ajiye a gaban Lin. Baƙar bindiga ce mai kama da ta gaske. A ƙarƙashinta hula zanna mai ruwan ƙasa da ɗigon ja.

"Sai da na shiga jirgi na ga kaina a gilashi," in ji shi. "Sannan na san tana kaina."

"Faɗa mini daga farko."

"Na tafi ɗaukarsa kamar kullum. Ya dafa shayi. Na ce Bafulatani ya iya shayi, lalle duniya ta zo ƙarshe. Ya ce in sha in yi shiru, bawa ba ya kushe abincin ubangidansa. Ya shiga ya shirya ya fito yana ƙamshi. Na fizge hular na sa. Ya ce kawo, za mu makara. Na ce sai ka fanshe ta."

Ya nuna bindigar.

"Bindigar tana ƙarƙashin matashin kujera, nan take kullum. Na ɗauko. Mushe, na yi haka ya fi sau ashirin. A gaban mutane na yi, a gaban Alhaji Ghali na yi. In ɗora masa a kai in ce Bafulatani, shanunka ko ranka, in danna, ta yi fuuus, mu yi dariya. Shi ma dariya yake. Amma ran nan da ya ga na ɗauko sai fuskarsa ta sake. Ya ɗaga hannu ya ce tsaya Tankari, tsaya. Na ɗauka wasan ne ya ƙara wa gishiri."

"Ba ka san ya gyara ta ba."

Tankari ya juyo da sauri. "Ya gyara ta?"

"Ranar Alhamis."

Tankari ya zauna a ƙasa, a kan simintin. 

"Don ni ya gyara," ya ce. "Shekara guda ina yi masa dariya. So yake bayan masallaci ya jera gwangwani ya kunyata ni."

"Me ya sa ba ka kira asibiti ba?"

"Na girgiza shi, na kira sunansa. Na yi masa kalmar shahada a kunne, ban san ko ya ji ba. Daga nan tsoro ya kama ni. Na ce baƙo, da bindiga, da gawa, a ƙasar mutane, wa zai tsaya ya ji wai wasa ne? Wa ya san wasa a nan?"

"Zan rubuta yadda ka faɗa. Zan yi wa alƙali bayanin wasan da bakina. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai ɗauri."

"Za ka sa hannu a takardar sakin gawarsa?"

"Yau."

Tankari ya miƙo hannuwansa biyu tun kafin a ce ya miƙo. Lin ya kira 'yan sandan, aka sa masa ankwa. 'Yan dako suka tsaya da aiki, aka ratsa da shi ta tsakaninsu zuwa mota. Ba wanda ya san abin da aka ce, don ba mai jin yaren.

A mota ya yi magana sau ɗaya.

"Mushe, ba za a bar ni in tafi jana'iza ba, ko?"

"Ba za a bari ba."

"To in an tsaya za a yi masa salla, a gaya mini."

Ranar Talata bayan azahar Alhaji Ghali ya turo saƙo daga maƙabarta: an jera sahu. Lin ya bar rahoton da yake bugawa ya sauka ƙasa, inda ake tsare mutane. Mai gadi ya buɗe masa 'yar tagar ƙofa. Tankari na zaune a bakin gado, hannuwansa da fuskarsa a jiƙe da ruwan alwala.

"Yanzu ne," in ji Lin.

"Ina alƙibla?"

Lin ya duba wayarsa, ya nuna masa kusurwar da ke hagu da ƙofa. Tankari ya miƙe ya fuskance ta, ya ɗaga hannu.

Mai gadi ya tambaya da Sinanci ko a rufe tagar. Lin ya ce a bari. Ya tsaya a barandar, hannu a aljihu, har ya ji kabbara ta huɗu da sallama. Sannan ya hau sama ya kira Radiyya a Gombe.